Ƙera Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Lambu: Daga Ina Ake Fara Awo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Zariya, ina kuma ɗan taɓa walda. Na ga hotunan Turawan da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gidajensu, jirgin yana tafiya da kansa. Na samu layin LGB (wani samfurin ƙananan jiragen lambu) na gwanjo, faɗinsa milimita 45. Ina so in ƙera taragun tsohon jirginmu na Najeriya da hannuna, daga katako da ƙarfe. Amma wani ya rubuta 1:22.5, wani 1:29, wani 1:32, kuma duk a kan layi ɗaya. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da sa'a. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya dace da jirgin da kake nufi. Naka 1:24 ne, ga kuma dalili.

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa: faɗin layi da ma'aunin ƙanƙantawa. Faɗin layi shi ne tazarar da ke tsakanin cikin dogo da cikin ɗan'uwansa. Ma'auni kuwa shi ne sau nawa aka rage abin. Lissafin guda ne: ka ɗauki faɗin layin jirgin gaske, ka raba da 45. Kamfanin Lehmann na birnin Nurembag a Jamus, da ya fito da LGB a 1968, ƙananan jiragen Turai masu bin layin mita ɗaya ya kwaikwaya, lissafin ya ba da 22.2, shi ya sa ya tsaya kusa da haka, a 1:22.5. Mai kwaikwayon babban layi na milimita 1435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, zai samu kusan 32. Mai son jiragen duwatsun Kolorado a Amurka, masu layin milimita 914, zai samu 20.3. Shi kuwa 1:29 ba lissafi ya haife shi ba, kasuwa ce. Wasu kamfanonin Amurka, irin su Aristo-Craft da USA Trains, sun ɗan kumbura jiragen babban layi don kada su yi tsamurmuri kusa da kayan LGB. Yana da kyau a ido, amma tayoyinsa sun matse fiye da kima, kuma mai ƙera nasa ba shi da dalilin gadon wannan kuskure.

Tsohon layin Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1067 ne. Raba da 45, ka samu 23.7. Ana ɗaukar 24 saboda bambancin bai kai abin da ido zai kama ba, kuma ga kafinta lissafin ya zo da sauƙi: kowace ƙafa ɗaya ta awo rabin inci ce. Tunda a Zariya kake, ga wani abu da zai yi maka daɗi. Siririn layin nan da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos, wanda aka rufe a 1957, faɗinsa milimita 762 ne. Idan ka raba da 24, za ka faɗo kusa da 32, kuma milimita 32 layi ne da ake sayarwa, Turawan Ingila na yawan amfani da shi a lambunansu. Ke nan wata rana kana iya haɗa layukan biyu a tasha ɗaya, da mutane da gine-gine masu girma ɗaya.

Kafin ka yanka komai, ka sassaƙa ɗan mutum-mutumi na katako mai tsawon santimita 7. Wannan shi ne mutum mai mita 1.7. Duk ƙofa, matakala, taga da kujerar da ka yi, ka tsayar da shi a gefenta. Yana kama kuskuren da tef ba ya kamawa, musamman tsayin taga daga ƙasan tarago.

Samun awon tarago na gaske shi ne rabin aikin. Idan akwai tsohon tarago da aka jingine, ka nemi izinin ma'aikatan tasha ka auna tsawo, faɗi, tsayi daga saman dogo, faɗin taya, da tazarar sandunan taya. Idan hoto kawai ke gare ka, nemi wanda aka ɗauka daga nesa, gefen tarago yana fuskantar kyamara sak. Hoton da aka ɗauka a karkace ba ya aunuwa, domin abin da ke kusa ya fi girma. Hoton gaba yana da amfani na musamman: ka riga ka san tazarar dogon biyu 1067 ce, don haka duk abin da ke daidai da wannan wuri a hoton kana iya fitar da awonsa. Sannan ka zana komai a takarda da girman da za ka ƙera, ba ƙarami ba, ka manna a kan katako ka yanka.

Yanzu ga inda ma'auni ke ƙin yarda, kuma nan ne sababbin shiga ke ɓata lokaci. Leɓen tayar jirgi, wanda ke riƙe ta a kan dogo, kusan milimita 30 ne a zahiri. A 1:24 zai zama milimita ɗaya da ɗan ɗori. A kan tebur zai tafi, amma a tsakar gida, inda ƙasa ke motsi bayan ruwan sama, tsakuwa ɗaya ta isa ta sauke shi. Ka bar shi milimita 2. Ni shawarata ma ka sayi tayoyin ƙarfe da aka riga aka yi, sai dai in kana da wanda ya ƙware a injin sassaƙa ƙarfe. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tazarar bayan taya zuwa bayan taya: milimita 40 a wannan layi. Ka goge ɗan guntun ƙarfe da magagari har ya kai 40 cif, ka riƙa gwada kowace sanda da shi.

Haka kaurin kaya. Farantin ƙarfe na milimita 3 zai koma 0.125, wanda bai fi takarda ba. Ka yi jikin da filawud mai laushi ko farantin roba na milimita 2 zuwa 3, sai ka sirance bakin da ido ke gani kawai, kamar gefen taga da bakin rufi. Allunan jikin tarago masu faɗin milimita 150 za su zama 6.25, ba sai ka yanka su ɗaya-ɗaya ba, ka ja layi da wuƙa a kan faranti guda. Ƙashin ƙasa kuwa, wato firam ɗin da ke ɗauke da jiki a kan tayoyi, tagulla ta fi, domin tana karɓar dalma kuma ba ta tsatsa. Kada ka kai mata sandar walda, za ta ƙone ta.

Kwana ma haka. Kwanar gaske mai mita 100 daga tsakiya za ta ci fiye da mita 4 a lambunka. Kwanar layin LGB mafi matsewa santimita 60 ce kacal daga tsakiya, kuma dogon taragon fasinja a kansa sai ya leƙo waje, mahaɗinsa ya karkace. Idan irin wannan ka saya, fara da gajeren taragon kaya, irin na gyaɗa ko na shanu. Ka kuma ba mahaɗin damar lilo hagu da dama.

Nauyi kuwa sau uku ake raba shi da 24, wato da 13,824. Tarago mai tan 20 zai zama kusan kilo ɗaya da rabi. Na katako ba ya kaiwa haka, sai iska ta ture shi ko ya yi tsalle a mahaɗar layi, saboda haka ka ɓoye guntun ƙarfe a ƙasansa, tsakanin tayoyi. Gudu sau ɗaya ake rabawa: kilomita 40 a awa ta zama kusan santimita 46 a daƙiƙa. Za ka ga kamar yana jan ƙafa, amma haka yake.

Sai yanayinku, wanda bai yi kama da na Jamus ba. Rana tana gasa robar da ba a yi wa fenti ba har ta yi gautsi, don haka fenti ciki da waje. Katakon da zai taɓa ƙasa abincin gara ne; ka ɗora layin a kan bulo ko siminti, taragun kuma su kwana a ɗaki. Dogon tagulla mai mita 10 yana ƙaruwa da kusan milimita 6 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, kuma ƙarfe a rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Ka bar 'yar tazara a kowace gaɓa, kada ka ɗaure shi tamau. Gangara kada ta wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita. Wutar da ake turawa ta cikin dogo kuma ba ta jure ƙurar hunturu, kullum sai goge-goge. Batir a cikin tarago na farko da rimot ya fi kwanciyar hankali.

Kan jirgi ka jinkirta shi. Idan lokacinsa ya yi, ka sayi injin da tayoyinsa a haɗe, ka gina jikin a kai, ka kuma zaɓi kan dizal mai jiki kusurwa-kusurwa kafin ka taɓa mai kwal, wanda sandunan gefensa ke buƙatar ramukan da suka yi daidai da juna sosai. A yanzu ka ƙera ƙashin tarago ɗaya da tayoyinsa, babu jiki, ka tura shi da hannu ya zagaye layin gaba da baya. In bai sauka ba, sai ka ɗora masa bango.