Amsoshin tambayoyinku: gidan ɓerayen Masar da kafso mai launi biyu

Saƙonnin makon nan kusan duka a kan abu ɗaya suka taru. Akwai wata baiwar Allah can ta hanyar Tafo, nan Kumasi, da ta mai da tsakar gidan da take haya mafakar ɓerayen Masar waɗanda masu su suka gaji da su. Yaran zango na zuwa wurinta ranar Asabar, masu lambu na kwasar taki kyauta, yanzu kuma an ce abubuwa sun yi mata tsauri. Ga abin da kuka tambaya.

Wata uwa daga Aboabo ta rubuto: "Baba, 'yata mai shekara tara ba ta son magana, ko a makaranta gefe take raɓewa. Tun da ta fara zuwa gidan nan suna yanko ciyawa da share keji, bakinta ya buɗe. Matar ta ce mai gida ya ƙara haya, ƙila ta rufe. Ina iya ware sidi 150 a wata daga cinikin koko. Maigidana ya ce hauka ne a ciyar da ɓera alhali mutane na kwana da yunwa. Na kasa barci."

'Yata, ki yi barcinki. Ba ki yi hauka ba, maigidanki ma bai yi ƙarya ba, akwai masu yunwa a zango kuma duk mun san ƙofofinsu. Sai dai ki gaya masa cikin ladabi cewa kuɗin nan rabinsa na 'yarsa ne. Yarinyar da ta samu wurin da take sakin jiki ta samu abin da malamin lesin ba ya sayarwa. Ɗaya rabin kuma, hadisin mutumin da ya shayar da kare a bakin rijiya yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a nan aka ce akwai lada a cikin kowane mai ɗanyar hanta.

Amma kada ki tura ko pesuwa ɗaya tukuna. Ki je da ƙafarki, ranar Talata ko Laraba da rana, ba ranar Asabar da aka share wuri don baƙi ba. Hancinki zai riga idonki ba ki labari: in zarnin fitsari ya tare ki tun daga zaure, aikin ya fi ƙarfin mai yinsa. Ki duba ko akwai ciyawa a gabansu a lokacin, domin haƙoransu ba sa daina tsawo har su mutu, tauna ciyawa ce ke goge su. Sannan ki yi mata tambaya guda: ina maza, ina mata?

In ta nuna miki keji ɗaya da kowa a ciki, to ga inda kuɗinta ke zurarewa, ba haya ba. Macen ɓeran Masar na ɗaukar ciki tun tana da wata ɗaya da 'yan kwanaki. Cikin nata kwana 59 zuwa 72 ne, ta haifi biyu zuwa huɗu, da gashinsu da haƙoransu, ido a buɗe. A ranar da ta haihu tana iya sake ɗaukar wani. Ki lissafa haihuwa biyar a shekara, uku uku, mace ɗaya ta ba ki goma sha biyar. Mata goma da namiji ɗaya, baki 150 ke nan kafin watan azumi ya zagayo. Wanda ke ba irin wannan gida kuɗi, ruwa yake zubawa a rariya. In kuwa ta raba su, tana kuma cire 'ya'ya maza daga iyayensu mata da sun kai sati uku, to ta san aikinta, ki taimaka mata da zuciya ɗaya.

Ko a nan ɗin ma na fi so ki ba da kaya a kan tsaba. Ki biya mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kai mata buhun ɓawon katako daga Sokoban, mai kauri wanda injin goge katako ke fitarwa, ba garin nan mai laushi da ke shiga musu huhu ba. Ki yi magana da masu kabeji da karas da kuke gaisawa a kasuwa, ganyen da suke zubarwa da yamma abinci ne a can, muddin bai ruɓe ba. Batun haya kuma, ki gaya mata dokar haya ta Ghana ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba ba. Na san shekara biyu ake nema a garin nan kuma mutane na biya, amma ofishin Rent Control mai kula da rigimar haya na nan, zuwa ba ya cin komai sai kuɗin trotro, wato motar haya. Ki fara da sidi 100, ki riƙe hamsin. Mai koko ba ta san ranar da gero zai tashi ba.

Wani Alhaji daga Sabon Zango ya tambaya ko zai iya ba gidan daga cikin zakkarsa.

A'a, Alhaji. Masu cin zakka takwas ne, an jera su a Suratut Tauba aya ta 60, babu dabba a ciki. Ka ba da sadaka daga aljihunka. In ita matar ce da kanta take cikin talauci ko bashi, wannan wata magana ce, ka kai ta wurin malaminka.

Wani matashi daga Asawase: "Baba, na ji wasu daga cikin dabbobin suna atishawa. Na sayi kafso na amoxicillin katan biyu da maganin bitamin na ɗigawa a ruwa, a wurin wani mai yawo da magani, da araha sosai. Zan kai mata gudummawa ranar Asabar."

Ɗana, ka ajiye ledar nan a inda take. Niyyarka mai kyau ce, kayanka kuwa guba ne, kuma zan tsaya a nan in yi dogon zance, wanda ya gaji ya tsallake.

Dangin penisilin, wato amoxicillin da ampicillin da 'yan uwansu, suna kashe ɓeran Masar. Ba jabu ba, na gaskiyar ma. Cikinsa cike yake da ƙananan halittu masu narka masa ciyawa, maganin ya share su, miyagun su samu fili, zawo ya tsinke, cikin kwana kaɗan sai gawa. Ba a littafi na fara sanin wannan ba. Shekarun baya jikana na da guda huɗu a wani tsohon akwatin sabulu. Ɗaya ya fara atishawa, ni kuma da ƙwazon kaka na tsaya a tasha wurin wani mai kwandon magani a ka, na sayi kafson nan mai launi biyu da muke ɗirka wa kaji, na ɓare na zuba musu a ruwan sha. Kwana na uku na tarar da uku a miƙe, gashin gindinsu jiƙe. Da hannuna na haƙa rami bayan banɗaki. Yaron bai kalle ni ba har Juma'a, ko sisin da na ba shi na masallaci bai karɓa ba. Shi na huɗun da ya rayu, mai atishawar ne, don shi kaɗai ya ƙi shan ruwan.

Wannan ke nan in maganin na ƙwarai ne. To ina ga na cikin kwando? Maganin da ya wuni a rana daga Kejetia zuwa Asafo, aka kankare ranar lalacewarsa da reza, aka fitar da shi daga kwalinsa aka ƙulla a farar leda, wa ya san abin da ke ciki? Alli ne, garin rogo ne, ko wani maganin dabam? Mun zama mutanen da za su juya atamfa sau uku suna neman tambarin kamfani kafin su biya, amma abin da zai shiga cikin mai rai, in dai an ce araha, sai mu miƙa hannu. Na sha faɗa a shafin nan: ka duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna, FDA, a jikin kwali, ka duba ranar ƙarewa, ka saya a kanti mai lasisi da za ka iya komawa gobe ka same shi a wurin. Mai kwando gobe yana Techiman.

Bitamin ɗin ma ka yi asara. Gaskiya ne ɓeran Masar kamar mutum yake, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, in ya rasa sai gaɓoɓi su kumbura, dasashi ya yi jini, ya daina tafiya. Amma wanda ake ɗigawa a ruwa yana mutuwa da wuri in haske ya taɓa shi, yana kuma canza ɗanɗanon ruwan har su ƙaurace masa. Yankan koren tattasai kullum, ko ɗan ɓarin gwaiba jefi jefi, ya fi kwalbar nan amfani. Haka abincin nan na leda da ake kawowa daga waje da hoton dabba tana murmushi: bitamin C ɗin da ke ciki ba ya wuce kamar wata uku da ƙarfinsa, kafin ya tsallako teku, ya kwana a tashar jiragen ruwa ta Tema, ya zauna a kanta cikin zafi, sai sunan. Na zomo kuwa ba a zuba masa bitamin C tun farko, na kaji ma kada a fara.

In da gaske kake son taimako, ka haɗa kuɗin da abokanka ku ɗauki nauyin zuwan likitan dabbobi sau ɗaya. Akwai na gwamnati a ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma, jami'ar KNUST ta nan Kumasi ma na da makarantar likitancin dabbobi. Shi zai ɗora dabba a sikeli ya auna magani daidai nauyinta, don babbansu da ƙyar yake wuce kilo ɗaya, cokalin da ba zai yi wa akuya komai ba shi ne ajalinsa. Atishawar ma wataƙila ƙura ce kawai. Ku canza shimfiɗa ku gani kafin a zo ga magani.

Wata Hajiya daga Old Tafo na son sayo musu keji mai hawa uku da ta gani a Facebook, mai ƙasan waya, da wili na gudu a ciki.

Hajiya, riƙe kuɗinki. Ƙasan waya na yi musu gyambo a tafin ƙafa, wilin kuma na wata dabbar ce, su bayansu ba ya lanƙwasuwa haka. Fili suke so a ƙasa, da wurin ɓuya. Kafinta a unguwarku zai haɗa akwati mai faɗi da sulusin kuɗin. Canjin ki sa a yi rumfa, domin zafi na kashe su fiye da yunwa. Da zarar ya kusa digiri 30 sun shiga haɗari, kin kuwa san yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Fabrairu da Maris. Ranar da ta ƙwalle, a daskarar da fiya wata, a naɗe a tsumma a ajiye musu su jingina.

Wani ɗan zango da ke Hamburg a Jamus ya ga bidiyon gidan a waya, da lambar MoMo ta tura kuɗi ta waya a ƙasa, yana tambaya ko ya tura.

Ɗana, cinikin biri a sama ke nan. Bidiyon na iya zama na gaskiya, lambar ta zama ta wani da ya manna ta a kai. Kana da ƙane ko ƙanwa a garin nan, ka tura su su je, su kira ka ta bidiyo daga tsakar gidan, matar ta faɗi lambarta da bakinta. Sannan sunan da MoMo zai nuna kafin ka sa lambar sirri ya zama nata. Duk wanda ya ce ka ƙara wani abu na e-levy, harajin tura kuɗi ta waya, ka kashe wayar, an soke harajin nan tun Afrilun 2025. Kada ka tsaya kan takardar rajista kawai. Mace ɗaya a gidan haya ba lalle ta yi rajista ba, kuma na ga ɓarayi masu satifiket a firam. Abin da zan nema shi ne ɗan littafin da take rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ko da na sidi biyu ne na 'yan makaranta. In babu, ka sayo mata, shi ne gudummawarka ta farko.

Wani kuma, bai faɗi unguwarsa ba, yana so ya karɓo namiji ɗaya da mata uku daga gidan "don rage mata nauyi", ya riƙa sayar da 'ya'yan a bakin makarantu.

Malam, waɗanda ka sayar wa yara a bakin makaranta su ne za a ajiye mata a ƙofar gida cikin kwali bayan wata uku. Sana'a kake nema, ka je ka sayi naka a kasuwa, kada ka kira shi taimako.

Na ƙarshe daga wani yaro ne ɗan aji shida, da wayar yayarsa. Yana son guda ɗaya tak, kuma yana tambaya ko daga Masar ake kawo su.

Jikana, ba su taɓa ganin Masar ba, suna ne kawai ya bi su. Asalinsu tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsu. Guda ɗaya kuwa ban yarda ba, kaɗaici na sa su daina cin abinci, a Suwizalan ma tun 2008 doka ta hana ajiye ɗaya shi kaɗai. Ka karɓi mata biyu, kuma ka sani suna kai shekara biyar zuwa bakwai, wato har ka shiga babbar sakandare kana yankan ciyawa safe da yamma, daga inda ba a fesa maganin kashe ciyawa ba. Ban da albasa, ban da ɗanyen kontomire, wato ganyen gwaza, ban da haɗa su da zomo. Ka je gidan Asabar huɗu a jere ka yi shara tukuna. In ka cika huɗun, ka sa yayarka ta sake rubuto mini, ka kuma tambayi Mma kafin ka shigo mata da akwati ɗaki.