Landan ko Arewacin Ingila: Ina Ya Fi Dacewa Mu Zauna da Ƙananan Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, shekarata 31. Na ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta ta hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, kuma cikin ikon Allah asibitocin gwamnati biyu a Ingila sun ba ni aiki. Ɗaya a Landan, inda yayan maigidana yake zaune da iyalinsa, ɗayan a wani gari na arewa maso gabashin Ingila inda ba mu san kowa ba. Yaranmu biyu, babban ɗan shekara huɗu, ƙaramar wata goma sha huɗu. Maigida malamin sakandare ne, kuma ya amince mu tafi tare. Dangi duk sun ce Landan, wata ƙawata kuma ta ce mu haƙura mu jira Kanada. Don Allah wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan nasara, ya raya yaran. A ganina garin arewan ya fi muku, amma da sharaɗi, zan kuma zo kansa. Dalilina shi ne mai ƙananan yara abu biyu ne ke yanke masa hukuncin wurin zama a Ingila: kuɗin haya, da wanda zai riƙe yaro idan an tafi aiki. Sauran abubuwan da ake ta magana a kansu, kyan gari da sunansa da yawan 'yan Najeriya, duk a baya suke zuwa.

Mu fara da lissafi. Ma'aikaciyar jinya da ta fara aiki a asibitocin gwamnati na NHS ana ɗora ta a matakin albashi na biyar, wanda albashinsa na farko a shekarar 2025 ya ɗan haura fam 31,000 a shekara. Idan aka cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da zai shigo hannunki bai wuce kusan fam 2,000 a wata ba, sai ɗan ƙarin aikin dare da na ƙarshen mako. Wannan albashin ɗaya ne a duk faɗin Ingila. A Landan ana ƙara wani kaso saboda tsadar rayuwa, kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar birnin, 15 a kewayensa, 5 a can bakin iyaka. Ƙarin yana da daɗin ji, amma bayan haraji 'yan ɗaruruwan fam ne a wata. Matsakaicin kuɗin haya a Landan kuwa a 2025 ya haura fam 2,000 a wata, alhali a arewa maso gabas bai kai fam 800 ba. Wato a Landan gidan haya kaɗai yana iya cinye albashinki kaf, tun ba a zo maganar harajin ƙaramar hukuma da wuta da gas na ɗumama gida da cefane ba. A arewa kuwa za ki biya haya, ku ci, har a aika wa su Mama ɗan abin da ya samu.

Na san abin da dangi ke hange: ku sauka gidan Yaya. Zumunci abu ne mai daraja, kuma sati biyu ko wata guda a gidansa zai yi muku amfani ƙwarai. Amma gidajen can ƙanana ne, mafi yawansu ɗaki biyu ko uku, kuma yarjejeniyar haya kan ƙayyade adadin mutanen da za su zauna. Mutum huɗu a falon wani, yara na kuka da dare, matar gida ita ma da aikinta, ba a daɗewa fuska take canzawa. Na fi so ku riƙa kai wa Yaya ziyara da sallah kuna murna da juna, jirgin ƙasa daga Newcastle da ke arewa maso gabas zuwa Landan kusan awa uku ne.

Sai maganar reno, kuma a nan ne na fi so ki tsaya ki yi tunani sosai. A Zariya idan kina da aikin dare akwai kaka, akwai ƙanwa, akwai maƙwabciya da za ki miƙa wa goyo ta katanga. Can babu wannan. Gidan renon yara na cikakken yini ga yarinyar da ba ta kai shekara biyu ba yakan haura fam 1,000 a wata. Bizarki kuma tana ɗauke da sharaɗin cewa ba ku da haƙƙin cin tallafin gwamnati, saboda haka kuɗin tallafin yara da 'yan ƙasa ke karɓa, da awa talatin na reno kyauta da ake ba iyaye ma'aikata, ba za ku samu ba. Abin da za ku samu shi ne awa goma sha biyar a mako ga duk yaro ɗan shekara uku da huɗu, da kuma makarantar gwamnati kyauta. Babban naku ya zo a daidai, domin a Ingila yaro kan shiga ajin farko a watan Satumbar da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Ƙaramar ce aikin.

Ma'anar wannan ita ce a shekarar farko, wataƙila har ta biyu, maigida ne zai fi zama da yara. Shi zai kai makaranta da safe, ya ɗauko da misalin ƙarfe uku, ya yi wa ƙaramar wanka, ya dafa abinci ranar da kika yi awa goma sha biyu a tsaye a ɗakin marasa lafiya. Bizar tana sunanki ne, albashin ma a asusunki zai riƙa shiga. Malama, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne ga namijin da ya saba shi ke fita nema, ana gaishe shi da "Malam" a unguwa. Aure da yawa a can a daidai wannan gaɓar suke samun tangarɗa, ba don mugun hali ba, sai don ba a zauna an tattauna tun a gida ba. Ku zauna ku biyu, ba a gaban dangi ba, ku yi maganar kuɗi ƙarara: asusu ɗaya ko biyu, nawa za a riƙa aikawa gidanku, nawa gidansu. Ke ma ki kula da harshenki ranar da kika dawo a gajiye. Shi kuma ya sani cewa bizarsa ta ba shi damar yin kusan kowane irin aiki, kuma tun 2023 aka buɗe wa malaman Najeriya masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna hanyar neman shaidar koyarwa ta Ingila. Idan fanninsa na cikin waɗannan, ya tattara takardunsa da shaidar shekarun aikinsa tun yanzu, kafin ya ajiye aiki. A garin da haya ke da sauƙi zai iya yin wannan a natse. A Landan dole ya fita neman kowane aiki a makon farko, sannan ku biya mai reno abin da ya samo.

Ga sharaɗin da na ambata. Arewa maso gabas ba wuri ɗaya ba ce. Newcastle da Middlesbrough da Sunderland suna da masallatai da shagunan naman halal da ɗalibai 'yan Afirka, amma akwai ƙananan garuruwa da za ki yi wata ba ki ga mai hijabi ba. Kafin ki sa hannu, buɗe taswira a wayarki ki auna tazarar asibitin da masallaci mafi kusa, da makarantar firamare, da shagon da za ki sami nama. Idan bas ɗaya zai kai ku masallacin Juma'a cikin rabin awa, kuma masallacin yana da karatun yara da yamma ko a ƙarshen mako, to wurin ya yi. Idan sai an yi tafiyar awa guda da mota, ki sake tunani, domin lasisin tuƙin Najeriya wata goma sha biyu kawai yake aiki a can, daga nan sai an ci jarrabawarsu. Ba zan ɓoye miki ba, a tarzomar ƙin jinin baƙi ta watan Agustan 2024 Sunderland da Middlesbrough na cikin garuruwan da abin ya shafa. An hukunta masu laifi da sauri, mutanen gari da yawa kuma sun fito sun share tituna sun tsaya wa maƙwabtansu Musulmi, amma ya kamata ki shiga da saninki. Ki roƙi asibitin ya haɗa ki da wata ma'aikaciya 'yar Afirka da ke aiki a wurin, ki tambaye ta unguwar da take zaune da yadda yaranta ke ji a makaranta. Maganarta ta fi duk abin da za ki karanta a intanet.

Kada kuma ki ɗauka zaɓin na har abada ne. Bayan kin sami rajista da ɗan gogewa kina iya neman aiki a Bradford ko Birmingham, inda ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 30 cikin ɗari, ko Manchester. Sai dai sauya asibiti yana buƙatar sabuwar takardar ɗaukar nauyi, kuma yawancin asibitoci suna sa sharaɗin mayar da kuɗin da suka kashe a kanki idan kika tafi kafin wa'adi. Karanta wannan sashe na kwantiragin da kyau.

Batun Kanada kuwa, ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya shiga ta Express Entry, tsarin da Kanada ke zaɓar ƙwararrun ma'aikata da maki, yana sauka ne da takardar zama na dindindin tun ranar farko, yaransa na samun tallafi, kuma jaririn da aka haifa a can ɗan ƙasa ne kai tsaye. A Birtaniya ba haka ba ne: tun 1983 haihuwa kaɗai ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa sai ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da zama na dindindin. Ke kuma zamanki a ɗaure yake da asibitin da ya ɗauke ki, idan aikin ya ƙare kwana sittin ake bayarwa a sami wani ko a tafi. Wa'adin samun zama na dindindin shekara biyar ne a da, amma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da shirin tsawaita shi zuwa goma, saboda haka ki duba shafin gwamnati na gov.uk ki ga abin da ya shafi ma'aikatan jinya a ranar da za ki nema. Duk da haka ban ba ki shawarar jira ba. Kanada ta rage yawan waɗanda take karɓa, daga 500,000 da ta tsara wa 2025 zuwa 395,000. Makin da tsarin ke bayarwa kan shekarun mutum yana raguwa da zarar an kai talatin, kuma ko kin sauka ba za ki fara jinya ba sai an tantance takardunki kin ci jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, kowane lardi da hukumarsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kina iya neman Kanada daga Ingila bayan shekara biyu, a lokacin ma takardunki sun fi ƙarfi. Ki dai sani jarrabawar Turancin da NMC ke karɓa daban take da wadda shige da ficen Kanada ke nema, sai kin sake wata.

A kan yadda za a yi tafiyar, akwai ƙa'idar da mutane da yawa ba su sani ba: ba a ba yaro biza sai iyayensa biyu suna can ko suna nema tare, in ba ɗaya ne kaɗai ke da alhakinsa ba. Ba za ki iya ɗaukar ƙaramar ki bar maigida da babban a Zariya ba. Ko dai ku tafi ku huɗu, ko ki fara zuwa ke kaɗai. Galibi nakan ce ma'aikaciya ta fara zuwa, domin akwai jarrabawar aikace ta OSCE da za ki zauna cikin makonni goma sha biyun farko, kafin ki ci ta albashin mai taimako za a riƙa biyanki, kuma masaukin da asibiti ke bayarwa yawanci ɗaki ɗaya ne na mutum ɗaya. Amma da yarinyar da ƙila ba a yaye ba, wannan hukunci ne da ke da maigida kaɗai za ku yanke. Idan tare za ku tafi, ku tanadi kuɗin masaukin wucin gadi na wata biyu, da kuɗin ajiyar haya wanda doka ta ƙayyade kada ya wuce na mako biyar, da hayar watan farko. Abin sauƙin shi ne bizar ma'aikatan lafiya ta yafe muku harajin lafiya da sauran baƙi ke biya, fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro. Gwajin tarin fuka kuma sai a cibiyar da hukumar shige da ficen Birtaniya ta amince da ita.

Ki gaya wa maigida wannan da bakinki: a can ba a barin ƙananan yara su kaɗai a gida ko da na zuwa shago ne, kuma dukan yara ya haramta gaba ɗaya a yankuna biyu na Birtaniya, Scotland tun 2020, Wales tun 2022. A Ingila ma idan malama ta ga tabo a jikin yaro wajibinta ne ta kai rahoto ga jami'an kula da yara. Ku taho da katin rigakafin yaran, ku yi rajista da likitan unguwa a makon farko, ku tambaye shi maganin bitamin D, domin a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a arewa kuma masu baƙar fata sun fi fuskantar ƙarancinsa. Hausa kuwa ku riƙe ta a gida da gangan. Babban zai kama Turanci cikin 'yan watanni ba tare da taimakonku ba, ƙaramar ce za ta tashi ba ta iya gaishe da kakarta a waya ba idan kuka sake.

Kafin ki amsa wa kowane asibiti, rubuta musu ki nemi amsa a rubuce kan tsawon lokacin masaukin da za su ba ki, ko yana ɗaukar iyali, wa zai biya kuɗin OSCE idan ba a ci a zama na farko ba, da nawa za ki mayar idan kika bar aikin kafin wa'adi. Idan amsoshin asibitin arewa sun gamsar, masallaci da makaranta kuma suna kusa, ki karɓa. Allah ya kai ku lafiya.