Tambayi Likita: Wai da sauti ake narkar da ƙarin ƙoda, ba yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa Babanmu hoton ciki, aka ga ƙari a ƙodarsa ta hagu, girmansa santimita 6, aka ce sai an yi masa aiki. Shi kuwa Baba ko sunan tiyata ba ya son ji. Yayana ya turo bidiyo a WhatsApp, wai a Amurka da sauti kawai ake narkar da irin wannan ƙari, ba yanka ba ɗinki. Mu dakata mu nemi wannan? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Abin da kika gani akwai shi, sai dai masu bidiyon sun ƙara masa gishiri.

Sautin nan dangin wanda ake yi wa masu juna biyu sikanin da shi ne, kunne ba ya jin sa. Bambancin shi ne ana ƙara masa ƙarfi ainun, a tara shi a wuri ɗaya ɗan ƙarami a cikin jiki, fata kuwa ya ratsa ta bai taɓa ta ba. Hanya biyu ake yin haka. Tsohuwar hanyar da zafi take aiki, ta dafa naman wurin ya mutu. Sabuwar, wadda na tabbata ita ce a bidiyonku, a Jami'ar Mishigan ta Amurka aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 2000. Ita ba ta ƙona komai. Sautin ne yake tayar da ƙananan kumfa a cikin naman, su kumbura su fashe cikin ƙiftawar ido, a maimaita har wurin ya koma kamar kunu, jiki ya riƙa tsotse shi a hankali cikin makonni. A 2006 masu binciken jami'ar suka buga sakamakon gwajinta a ƙodar zomo. Tun daga zomo har ta kai ga ƙodar ɗan Adam sai da aka shafe shekara 17: a 2023 aka fara yi wa wani majiyyaci a birnin Lids na Ingila. Izinin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba na'urar a Oktoban 2023 kuwa na ƙarin hanta ne, ƙoda ta bi layin gwaji, da ƙananan ƙari.

Ƙoda tana da wuyar sha'ani. Haƙarƙari yana tare sautin, kitsen da ya lulluɓe ta yana rage masa ƙarfi, iskar hanji tana watsa shi, ga ta kuma tana hawa tana sauka duk lokacin da mutum ya ja numfashi. Shi ya sa ake sa majiyyaci barci kamar dai za a yi tiyatar, abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Kada kuma ki haɗa shi da fasa tsakuwar ƙoda, wanda aka fara a Jamus tun 1980. Tsakuwa daban, ƙari daban.

Yanzu batun Baba. Santimita 6 ya wuce girman da ake gwada wannan hanya a kansa, kuma ƙarin ƙoda mai wannan girma yawanci daji ne. Matuƙar bai bazu ba, cire shi da tiyata ne ya fi kawo waraka, kuma mutum yana rayuwarsa lafiya lau da ƙoda ɗaya mai kyau. Abin da na fi jin tsoro shi ne watannin da za ku ɓata wajen neman biza.

Ku koma wurin likitan mafitsara tare da Baba, da kuma wanda Baba ya fi jin maganarsa a gida. Ki tambayi likitan ko hoton ya nuna ƙarin ya taɓa wani wuri, yaya ƙodar dama take aiki, sannan ko za a iya yanke gefen da ƙarin yake a bar sauran. Ku tafi da duk hotunan da takardar gwajin jini, a makon nan in Allah Ya yarda.