Hajiya, kar ki karɓi 'yan tsakin nan a makon nan

Wata Hajiya da ke sayar da atamfa a kasuwar Dole da ke Damagaram ta aiko mini da wannan tambaya, na taƙaita ta kamar haka:

"Malam, na kwashi adashina, ina so in gwada kiwon kajin nama saboda ƙaramar Sallah, wadda saura kamar kwana 80. A gidanmu da ke Garin Malam akwai tsohon ɗakin kaji na ƙanen maigidana, ginin ƙasa ne da rufin kwano, mita 4 a kan mita 6, ƙasansa ba siminti. Kajinsa sun mutu wata biyar da suka wuce, suna koren zawo suna murɗe wuya. Tun daga nan kajin gida da zabi ne ke kwana a ciki. Dillali ya ce nan da mako guda zai kawo mini 'yan tsaki 200 a kan sefa 700 kowanne. Magini kuma ya ce sai jika 45, wato sefa dubu 45, zai yi mini daɓen siminti, ni kuwa ina ganin kuɗin sun yi yawa. In share ɗakin in fesa magani in zuba su, ko kuwa?"

Hajiya, Allah ya sa wa neman albarka. Amsata a gajarce ita ce ki kira dillalin nan yau, ki ce ya ɗaga miki zuwa mako biyar. Na san ranki ba zai so ba, don mai kuɗin adashi a hannu gani yake kowace rana da ta wuce asara ce. To mu yi lissafi tare, da alƙalumanki.

Kazar nama tana kai nauyin sayarwa cikin kwana 42 zuwa 45. In kin karɓi tsakin nan da mako guda, za su isa yanka saura wajen kwana 28 a yi Sallah. Kazar da ta girma haka tana cin abinci sama da giram 150 a yini. Kaji 200 ke nan kilo 30 kowace rana, wato kilo 840 kafin ranar da kike jira, kusan buhu 17 mai kilo 50. Mai saye kuwa a kasuwa ɗaga kaza yake yi ya jijjiga ta a hannu ya yi tayi, ba zai biya ki wannan ƙarin abincin ba. Ga shi kuma a lokacin zafi zai fara shigowa, kuma kaza mai ƙiba ita zafi ke fara kayarwa. Saboda haka ko da ɗakin nan sabo ne fil, da na ce ki jira. Kina da kwana 35 a hannu, kuma gyaran da ɗakin ke bukata bai wuce mako uku zuwa huɗu ba. Sauri ya haifi nawa.

Alamomin da kika faɗa, koren zawo da murɗewar wuya, sun yi kama da cutar Nukasil, annobar da ke share kajin gari musamman a wannan lokaci na hunturu. Amma ki nemi likitan dabbobi ki ba shi labarin, domin murar tsuntsaye ma tana iya zuwa da irin wannan kama, kuma mu mutanen wannan jiha ba baƙinta ba ne: a Magarya aka fara tabbatar da ita a Nijar, cikin Fabrairun 2006. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kajin gida da zabin da ke kwana a ɗakin. Ke kina ƙirga wata biyar ɗaki na hutawa, alhali bai huta ko dare ɗaya ba. Kazar Hausa tana iya ɗauke da cuta tana kiwonta lafiya lau, ɗan tsakon turawa mai kwana ɗaya kuwa ba shi da wannan juriyar. A daren yau a sama musu wani makwanci can nesa, a rufe ƙofa. Daga ranar ne ƙidaya za ta fara.

Akwai kuma cutar Gumboro, wadda ke yawan cin 'yan kasuwa irinki. Ƙwayarta tana iya zama a ɗakin da aka kwashe kaji har wata huɗu tana nan da ranta, kuma tana kama tsaki ne tsakanin mako uku zuwa shida. Ki lura da lokacin. Ba ta kashe su ranar da suka zo, lokacin da sefa 700 kawai kika zuba a kan kowanne. Sai sun ci abincinki, sun sha gawayinki da maganinki, kin fara hango riba, sannan ki wayi gari ki tarar da su sun yi jugum, gashi a tashe. Haka ita ma cutar zawon jini, ƙwanta yana kwance a cikin ƙasar ɗaki watanni, yawancin magungunan feshi ba sa yi masa komai.

Wannan ya kawo mu kan maganar magini. Ƙasa ba ta wankuwa, Hajiya. Duk maganin da kika kwara mata shanyewa yake yi, ya bar cuta a ƙarƙashi. Jika 45 ɗin da kike gani da yawa, in kin raba su a kan kaji 200, sefa 225 ne kowace kaza a zubin farko kaɗai. In daɓen ya yi miki zubi goma, bai kai sefa 25 ba. Kuɗin sayen tsaki 65 kacal ya fi kuɗin daɓen, tun ba a sa abincin da suka ci ba, kuma annoba in ta shiga ɗaki ba ta tsayawa ta ƙirga. Ki yi ciniki da shi in zai rage, amma ki yi daɓen. Ki ce ya goge shi sumul, ya ɗan karkata shi wajen ƙofa yadda ruwan wanki zai gangara waje, ya kuma shafe gindin bango da siminti kamar tsayin gwiwa. In kuɗin sun gaza, shawarata ki rage tsakin zuwa 135 ki yi simintin da abin da ya rage. In kuma ya zama dole a zauna da ƙasar, to a kankare ta kamar zurfin tafin hannu a fitar, a barbaɗa farar ƙasa mai zafi, wato wadda ke tafasa in ta haɗu da ruwa, a zubo sabuwar jar ƙasa a daɓe. Wannan maneji ne, kowane zubi sai an sake.

Kafin magini ya taɓa komai, sai an yi shara, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure mafi yawa. Suna sayo magani mai ƙarfin wari su fesa a kan kashin kaji, hanci ya ji wari, zuciya ta kwanta. Kashi da ƙura suna kashe ƙarfin magani, musamman ruwan jabel, wato bilic. Aikin tsintsiya da magogi da omo shi ne babban aikin, magani cikawa yake yi. Mu kuma a Damagaram mun san darajar jarkar ruwa, to shara a bushe da kyau ita ce za ta rage miki kuɗin 'yan garuwa. A fitar da komai waje tukuna. A fara daga sama: azara, ƙarƙashin kwano, saƙar gizo-gizo, ragar tagogi, sannan bango, sannan ƙasa. Ƙurar da ke kan azara ba ƙurar hunturu ce kaɗai ba, akwai garin gashin tsofaffin kaji a ciki, kuma cutar da ke shanye ƙafafun kaji a cikinsa take zama. Mai sharar ya ɗaure hanci da baki, ya ɗan yayyafa ruwa don kar ƙurar ta tashi ta bi gida.

Takin da aka kwashe kar a tara shi a bakin ƙofa. A sa a buhu a ɗaure, amalanke ya kai shi gona nesa da kaji, a tara a rufe ya yi zafi ya ruɓe. Na gaba, in Allah ya sa kajinki sun tashi lafiya, kuɗi ne, masu garka irin na Mirriya suna neman takin kaji. Ki riƙa rubuta shi a cikin kuɗin shiga.

Yanzu bangon. Ina roƙonki ki yi wani abu da kanki, kar ki aiki yaro. Bayan sallar isha'i ki ɗauki tocila ki shiga ɗakin, ki haska tsagogin bango da inda azara ta shiga gini, ki sa tsinke ki tono. Na taɓa yin haka a wani ɗaki a Karkada, wanda mai shi ya rantse mini ya fesa magani sau biyu. Da na ɓamɓaro wani ɓawon yaɓe da bai fi tafin hannu ba, sai ga su a jere a bayansa, falan-falan kamar ƙwayar kankana, launin ƙasa, suna motsi a hankali suna gudun haske. Kaskar kaji ke nan. Da rana tana ɓuya, da dare ta fito ta sha jini ta koma, kuma tana iya shekara da shekaru ba ta ci komai ba tana jira. Tsakin mutumin nan kullum a rame, fuka-fukai a sake, yana ta sayen bitamin. Feshi ba ya isa inda take. Sai an ɓamɓare duk yaɓen da ya saki, a fesa maganin ƙwari a cikin tsagogin, a toshe su, a sake yaɓe. Maganin kuwa ki karɓo wurin likitan dabbobi, mai takarda a jikin kwalba. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe a bakin hanya kar ta shiga ɗakin da za ki sa abin da mutane za su ci. Tsofaffin sandunan da kaji ke hawa, da kwanduna da tsummokara, a ƙona su a waje. Wasu na cinna kara a cikin ɗaki don wuta ta gasa bango, ni ban yarda da shi ba a ɗakin da ke da azara a tsakiyar gidan mutane. Ramukan ɓera a cika su da fasassun kwalabe da siminti, ragar taga in ta yage a sake ta, don kar tsuntsaye su riƙa shigowa cin abinci suna barin kashi.

Siminti yana son kamar mako guda ana yayyafa masa ruwa kafin ya kama sosai. Bayan nan a wanke ɗakin da omo, a ɗauraye, a bari ya tsane, sannan a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko Crésyl ko wanda likita ya ba ki, bisa awon da ke jikin kwalba. Kar a gauraya jabel da wani magani, hayaƙin da ke tashi yana illata ƙirji. Daga nan a shafe bango da farar ƙasa, irin wadda ke tafasa in ta haɗu da ruwa. Mai kwaɓa ta ya kiyaye idonsa da hannunsa, yara su yi nisa. Mazuban abinci da na ruwa a goge su da soso, a jiƙa cikin ruwan jabel kamar rabin awa, a ɗauraye sosai a shanya a rana. Wanda ya tsage a yar.

Sai ki bar ɗakin mako biyu cur, ba kaza, ba buhun hatsi, ba yaro mai neman inuwa. Tagogi a buɗe da raga, ƙofa a kulle, makulli a hannunki. Bushewa da hasken rana suna ƙarasa abin da magani ya bari, kuma ba za ki biya su ko dala ba. Cikin waɗannan kwanakin ne za ki sayi abincin makonnin farko, ki zauna da likita ya rubuta miki ranakun rigakafin Nukasil da Gumboro, ki kuma tambayi dillali daga wace ƙyanƙyasa tsakin za su fito, da rigakafin da aka yi musu kafin su taso. Ki tuna, ruwan da za a ba da rigakafi a ciki kar ya kasance da ɗigon jabel, yana kashe maganin.

Saura kwana biyu su iso, a shimfiɗa buntun shinkafa ko askin katako busasshe, kaurin yatsu huɗu. In ɓawon gujiya za ki sa, ki shinshina, wanda ya yi fumfuna yana kashe tsaki ta huhu. A kewaye kusurwa ɗaya da kwali, a kunna gawayi tun kwana guda kafin zuwansu don ƙasa ta ɗumama, makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, daren Damagaram kuwa a wannan lokaci kin san shi. A hura gawayin a waje sai hayaƙi ya ƙare, a bar kafar iska ta sama. A bakin ƙofa ki ajiye kwano da ruwan magani da takalmin roba guda wanda ba ya fita ko'ina. Girman ɗakinki murabba'in mita 24 ne, zai ɗauki 200 ɗin, amma kar dillali ya lallaɓa ki da ƙarin 50 a bashi.

Ki buɗe shafi a littafin da kike rubuta bashin atamfa, ki sa kuɗin daɓe daban, kuɗin omo da farar ƙasa da magani da ruwa daban, don na biyun ne za ki maimaita kowane zubi, kuma dole ya shiga farashin kazarki. In kin tono bangon nan da tocila, ki aiko mini da abin da kika gani, da amsar da dillali ya ba ki.