Tambaya da Amsa: Na Koma Makaranta, Dangi Sun Ce Na Canza

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 38, ina zaune a Kano da maigidana da 'ya'yanmu biyar. Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka cire ni aka yi mini aure, kuma tun daga nan ban sake zama a aji ba. Yanzu da autana ya shiga firamare na sami sarari, sai na fara zuwa makarantar manya da niyyar in kammala sakandare, in Allah ya yarda har in zama malamar makaranta. Maigida ya amince, amma yayata da uwar mijina suna cewa na canza, wai ba a ganina a sha'anin dangi kamar da, har yayata ta ce da girmana zan koma 'yar boko. Ni kaina ina tsoron kada maganarsu ta tabbata, domin na ga wata ƙawata da ta yi karatu daga baya ta koma raina mutane. Yaya zan sauya rayuwata ba tare da na zama wata daban ba?

Uwar 'ya'ya biyar, Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a wannan niyya, ya kuma saka wa maigidanki da alheri, domin amincewarsa ta ɗauke miki nauyin da ya danne mata da yawa.

Yayarki da Hajiya ba ƙarya suka yi ba da suka ce wani abu ya canza, sai dai ya kamata ki gane ko mene ne. Shekara ashirin kina gida, duk wanda ya aiko ya same ki, ke ce ta farko a gidan suna, ke ce mai kwana a asibiti idan wani ya kwanta, ke ake ajiye wa yara idan za a unguwa. Dangi sun saba da wannan har sun ɗauka shi ne halinki, alhali kuwa lokacinki ne da kika ba su saboda kina da shi. Abin da makaranta ta taɓa shi ne lokacin. Halinki kuwa, wato riƙon amana da kunya da ganin girman manya da tausayin na ƙasa, babu darasin Turanci ko Lissafi da zai goge shi, shi ya sa Hausawa suka ce hali zanen dutse ne. Ƙawar da kika ambata, a ganina, karatu bai ƙirƙirar mata raini ba, ya dai ba ta abin da za ta yi rainin da shi.

Saboda haka kada ki tsaya musu da su a kan ko kin canza ko ba ki canza ba. Ki shirya ki je gidan Hajiya takanas, ba ranar taro ba, ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, ki gaya mata ranakun da kike aji da tsawon lokacin da karatun zai ɗauka, sannan ki roƙe ta ta sa miki albarka. Dattijuwar da aka nemi albarkarta a kan wani al'amari tana jin tana da hannu a cikinsa, kuma da wuya ta ci gaba da sukarsa a bainar jama'a. Ita kuwa yayarki, ina zaton akwai kewa a cikin zafin maganarta, wataƙila ma da ciwon cewa ita ma an cire ta daga makaranta ba ta sami damar komawa ba. Ki ware mata rana guda a mako da za ta tabbatar za ta gan ki ko ta ji muryarki. Sannan ke da kanki ki rarrabe hidimomin dangi: ta'aziyya da duba mara lafiya da bikin na kusa ba a barinsu saboda aji, amma ba kowane kamu da wuni da ɗaukar amarya na ƙawar maƙwabciya ne ya zama wajibi a kanki ba. Wanda ba za ki je ba ki aika da gudummawa da ban haƙuri tun kafin ranar.

Batun cewa da girmanki za ki koma karatu, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattawan mata a matsayin jaji, su jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Waɗancan matan ba su daina zama iyaye da kakanni ba don sun zama ɗalibai. A zamaninmu ma akwai marubuciya Balaraba Ramat Yakubu, 'yar Kano, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, daga baya ta shiga karatun manya, kuma da ta fara rubutu da Hausa ta yi shi, a kan rayuwar matan gidajen da ta tashi a cikinsu. Ita kanta Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano tun 1980 aka kafa ta, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, saboda irinki.

Ina so kuma ki san tsawon hanyar tun yanzu, domin yawancin masu barin karatu a tsakiya rashin sanin nisanta ne yake karya musu gwiwa. Matakin farko shi ne takardar kammala sakandare. Hukumar NECO tana shirya jarrabawar masu zaman kansu wajen watannin Nuwamba da Disamba, WAEC ma tana da irin tata, kuma abin da za ki sa a gaba shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Tun da a aji uku kika tsaya, kada ki yi gaggawar biyan kuɗin rajista kafin malamanki su tabbatar kin shirya, kuma ki toshe kunnenki daga masu tallar cibiyoyin da ake biya a rubuta wa mutum amsa. Nan ne ainihin inda mace take iya rasa kanta, domin wadda ta sayi sakamako ba za ta iya tsayawa gaban yara ta hana su satar amsa ba. Bayan nan sai takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana bayar da ita ta hanyar karatu daga gida da haɗuwa da malamai a ƙarshen mako, tsarin da ya fi dacewa da mai ɗawainiyar iyali.

Duka wannan zai ci shekaru, kuma zai ci kuɗi, don haka ki zauna da maigida ku yi lissafin rajista da littattafai da kuɗin mota tun kafin su zama abin saɓani. Idan kina da adashi ko 'yar sana'ar cikin gida, kada ki sake ta. Ki raba wa manyan yaran aikin gida gwargwadon shekarunsu, maza da mata, ki kuma nemi babbar 'yarki ko ɗanki da ke sakandare ya riƙa bitar Lissafi da ke bayan sallar isha'i, domin darasin da kuke yi kusan ɗaya ne.