Tun da na canza wa zomona abinci kashinsa ya yi laushi: zawo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da zomo ɗan wata takwas, nauyinsa kusan kilo biyu. Da can ciyawa da harawa nake ba shi, da harawa ta yi tsada sai na koma dusar masara da ragowar kabeji da karas. Yanzu kullum da safe ina tarar da kashi mai laushi a cure, mai wari, har ya ɓata masa gindi. Yana ci, yana wasa, kuma yana yin busasshen kashinsa. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa masa amoksilin. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki ajiye maganin nan. Amoksilin da ampisilin da linkomaisin, idan aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, masu guba su samu fili, kuma zomon yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Abin da kika bayyana ma ba zawo ba ne.

Kashi iri biyu zomo ke yi. Akwai busasshe zagayayye da kike sharewa, wanda lafiyayyen zomo kan yi 200 zuwa 300 a yini, idan kika murje ɗaya ya ruguje ki ga ɓurɓushin ciyawa. Akwai kuma mai laushi, baƙi-baƙi, mai ƙyalli, a cure kamar 'ya'yan inabi. Wannan daga wata babbar jaka a hanjinsa yake fitowa, inda abinci ke ruɓa ya fitar da furotin da bitamin B da K. Zomo kan lanƙwasa ya cinye shi tun daga dubura, galibi da dare ko da asuba, shi ya sa masu kiwo da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Ganinsa a ƙasan keji kowace safiya alama ce ta cewa ya daina cinyewa.

Dalili a nan dusar ce. Sitaci ya yi yawa, harza ta yi kaɗan, sai ruɓar da ke cikin jakar ta sauya, kashin ya fito da ruwa-ruwa, ga shi zomon ya ƙoshi bai damu da shi ba. Karas ma zaƙi gare shi, duk da yadda mutane ke ɗaukarsa abincin zomo na asali. Kabeji kuma da aka zuba da yawa lokaci guda yakan ƙara dagula cikin. Idan zomon ya yi ƙiba ko haƙoransa sun yi tsawo, shi ma yakan kasa kaiwa ga dubura, don haka ki duba waɗannan.

Gyaran shi ne ciyawa ta koma kashi 80 cikin 100 na abincinsa, busasshiya mai tsabta, tulin da ya kai girman jikinsa kullum, kada ta yanke. Kyasuwa da harkiya sun yi. Harawa da ganyen gyaɗa suna da kyau, amma furotin da kalsiyam ɗinsu sun yi wa babban zomo yawa idan su kaɗai ne, a gauraya su da ciyawa. Ki janye dusar da karas ɗin, kabejin ma ki dakatar har gindin ya bushe, wanda kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Bayan nan ki dawo da ganye iri ɗaya-ɗaya, ganyen dankalin Hausa ko zogale, ɗan kaɗan, ki jira kwana biyu ki ga kashin kafin ki ƙara wani. Idan kina sayen abincin zomo na buhu, giram 25 ga kowane kilo na nauyinsa ya isa, wato giram 50 a yini ga naki. Ruwa kuwa kada ya ƙare, zomo mai kilo biyu kan sha mililita 100 zuwa 300, ya fi haka da bazara.

Da damina a bar ɗanyar ciyawa ta sha iska a inuwa kafin a ba shi, kuma duk abin da ya yi fumfuna a zubar. Ban da albasa, ganyen dankalin Turawa, fiya, tumfafiya da zurman.

Gindin nan kada ki bari. Ƙudaje kan yi ƙwai a gashin da ya jiƙe, tsutsa ta fara cin nama cikin yini guda idan ana zafi. Ki wanke wurin kawai da ruwa mai ɗumi, ki tsane shi sosai, ba a yi wa zomo wankan jiki duka.

Sauran canje-canjen da za ki iya gani: idan busasshen kashin ya ƙanƙance ya yi tauri da duhu, ciyawa ko ruwa sun gaza. Idan ya fito a jere, gashi ya haɗe shi, zomon na zubar da gashi yana haɗiyewa, kuma tunda zomo ba ya amai, sai ki riƙa taje shi ki ƙara ciyawa. Fitsari ja ko ruwan lemo bayan cin wani ganye, ko mai fari-fari, yawanci ba komai ba ne muddin ba gudajin jini ko yunƙuri.

Inda ba a jira shi ne idan ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ya takure yana cije haƙora, ciki a kumbure, ko kashin ya zama ruwa zalla ba busasshe ko ɗaya, ko ya zo da majina ko jini. Wannan na ƙarshen ya fi kama ƙanana da aka yaye, sau da yawa koksidiya ce, wata ƙwayar cuta da ke kama hanji, kuma tana kashewa da sauri. Ki kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ki tafi da sabon kashin a leda don a duba.