Amsa: Me ake ji a cikin wannan hayaniyar?

Ɗan'uwa, ka tambaya me mutane ke ji a kiɗan punk na siyasa, wato salon kiɗan Turawa mai sauri da ƙara, tunda a kunnenka ihu ne zalla. Ni ma haka na ɗauka da fari. Amma saurari Rise Against, makaɗan punk 'yan Chicago ta Amurka da suka fara a 1999. Ganga na gudu ba numfashi, jita na ƙara, sai kwatsam amshi mai daɗi ya shigo, wanda kowa zai iya rerawa. Wallahi amshin nan ne ke kama zuciya. Matashin da takaicin yaƙin Iraƙi ya cika wa ciki, ga shi sharkaf da gumi, yana rerawa tare da ɗaruruwan irinsa. A 2004 makaɗan punk daban-daban har kundin waƙoƙi suka haɗa na adawa da Bush, Shugaban Amurka na lokacin. Karanta baitocin tukuna, sannan ka sake saurara.